Gawa a cikin firiza: mun auna aikin masu tace rubutu na Jidda

Su uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, dukansu Hausawan Jidda, ba su da ofis balle allon talla. Ta WhatsApp ake tura musu rubutu, ta nan suke maido da shi. Abin da suke sayarwa shi ne karatun tsanaki: su karanta littafinka kafin idon jama'a ya kai gare shi, su nuna maka inda ya yi rami. Yawancin abin da ke zuwa hannunsu labaran soyayya ne da na kishi, kamar yadda kasuwar take. Mu kuwa mun auna su da nau'in da ya fi wuyar sha'ani, wato labarin kisa da ɓoye gawa, irin wanda ake so mai karatu ya yi dariya gabansa na faɗuwa, sannan jarumin namiji ne da zuciyarsa take wajen namiji ɗan'uwansa. A irin wannan rubutu ne ake gane mai gyara na gaske da mai duba waƙafi da aya kawai.

Rubutun da aka gwada su da shi na wata marubuciya ne, bai fita kasuwa ba. Kalma 58,000 ne, babi 24. Tanimu, ɗan shekara 46, yana da ɗakin tuwo a bayan wani gareji a kudancin Jidda, kuma shi ke riƙe da adashen mutanen da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, domin ba su da halin buɗe asusun banki. Akwai Habu, direba, wanda suke tare shekara da shekaru, unguwa ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Wani dillalin biza da ya ci kuɗin rabin unguwar ya zo cin tuwo da daddare, ya faɗi ya mutu a kan tabarma. Ba dama a kira shurɗa, wato 'yan sanda, saboda mutum bakwai ke kwana a gidan, ba mai takarda ko ɗaya. Ga kuma abincin biki na mutum 200 da aka riga aka karɓi kuɗinsa, gobe da la'asar za a zo ɗauka. Sai aka sa mamacin a firiza, a ƙarƙashin kaji.

Kafin a kai ga abin da suka yi da labarin, ga yadda tsarin nasu yake. Ba sa karɓar rubutun da aka kwafo daga WhatsApp ɗanye, da taurarinsa da lokacin turawa a jikin kowane saƙo. Sai ka haɗa shi a fayil ɗaya na Word, kowane babi ya fara a sabon shafi. Suna fara karanta babi uku na farko, sannan su faɗi kuɗi. A nan ka buɗe ido, ka nemi a yi lissafi da yawan kalmomi, kada a yi da shafi, domin shafi ba shi da tsayayyen ma'auni: rubutun da ya ci shafi 150 da ƙananan haruffa zai haura 200 idan aka ƙara girmansu kaɗan. Idan, a misali, kun daidaita a kan riyal biyar kowace kalma dubu, to kalma 58,000 riyal 290 ke nan, ba wanda zai ƙara ko ya rage daga baya. Rabi ake biya kafin su fara, rabi idan sun gama. Abin da ke dawowa kashi uku ne: wasiƙa mai bayani a kan littafin gaba ɗaya, fayil ɗinka da sharhi a gefen layuka, da wani jadawali na awa-awa da ke nuna inda kowa yake tun daga lokacin da mamacin ya faɗi. Wanda ke karanta fayil ɗin a waya ya yi amfani da manhajar Word ko Google Docs. Abin duba fayil da ke zuwa da wasu wayoyi ba ya nuna sharhin gefe, sai mutum ya ɗauka ba a yi masa komai ba.

Jadawalin nan shi kaɗai ya isa kuɗin. Labarin ɓoye gawa lissafin lokaci ne, idan lissafin ya karye dariyar ma ta tafi. Marubuciyar ta sa mutumin ya mutu ƙarfe goma na dare, aka yi ta gardama har bayan asuba, sai wajen takwas na safe aka naɗe shi aka tura firiza. Sharhin da ke gefen layin ya ce mata wannan ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Gawa na fara sandarewa bayan awa biyu zuwa shida, ta gama wajen awa goma sha biyu, kuma zafi na gaggauta abin, ga shi Jidda ce, ga ɗakin girki. Firiza mai lita 300 kuwa tsawon cikinta bai fi mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, dole sai an tanƙwara gwiwa da ƙugu. Suka ba ta zaɓi biyu: ko a sa shi tun kafin sha biyun dare, ko a bar shi ya sandare a mayar da wahalar shigar da shi ta zama fage guda. Na biyun suka fi so, kuma da gaskiyarsu. Haka suka kama inda aka fito da shi bayan kwana uku aka yi masa wanka nan take, kamar wanda aka ɗauko daga gado.

Sun kuma kama shekara. Labarin na faruwa a 2016, amma ga wata Hajiya ta tuƙo motarta da kanta ta zo ɗaukar abinci, alhali sai a watan Yunin 2018 aka bar mata su yi tuƙi a Saudiyya. A wani wurin an rubuta harajin kashi 15 a jikin rasidin baƙala, wato kantin unguwa, shi kuwa harajin ya fara ne a 2018 da kashi 5, sai a Yulin 2020 ya koma 15. Da marubuciyar ta ce to bari ta matso da labarin zuwa 2023, suka tuna mata cewa rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share unguwanni irin su Sabil da Gulail da Karantina, wato lungun da ta gina labarin a kansa babu shi. Wanda ya zauna a wuraren nan zai ajiye littafin a shafin da ya ga wannan kuskure. Editan da ke zaune a Kano ko Zariya, komai ƙwarewarsa, da wuya ya hango shi.

Sai babban batun, wato Tanimu. A rubutun farko, duk inda ya shigo sai ya tafa hannu, ya riƙe ƙugu, ya rangaɗa shewa, ya ce "ni 'yasu". Masu gyaran sun ƙirga, sun sami tafin hannu sau 41 a babi 24, suka shafa wa kowanne launin rawaya har fayil ɗin ya koma kamar an zubar da kurkur. Ba su yi wa marubuciyar wa'azi ba, ta fuskar sana'a suka zo mata. Suka ce wannan mutumin da kika zana mun riga mun san shi, shi ne ɗan daudun wasan kwaikwayo da ake shigo da shi a yi dariyar tafiyarsa a fitar da shi. Mai karatu ba ya jin tsoro domin mutumin da ya san ba mutum ba ne, abin rufe fuska ne. Labarin fargaba kuwa idan ba a ji wa jarumi tsoro ba, an tashi a tutar babu.

Akwai gwajin da suke yi wanda ya kamata kowane marubuci ya ara. Su ɗauki fage, su cire duk wata alama ta karairaya da habaici, su ga ko akwai sauran abin dariya. Idan babu, to dariyar mutumin ake yi, ba ta halin da ya shiga ba. Ga yadda wani wuri yake tun farko: yaron gida ya buɗe firiza zai ɗebi kaji, Tanimu ya dafe ƙirji ya ce "Wayyo ni, na shiga uku na lalace, ƙawata rufe!" Ga kuma abin da ya koma bayan an bi shawararsu:

"Baba, kajin ba za su kai ba, sai na ɗebo na ƙasa."

"Na ƙasa na Alhaji ne."

"Wane Alhajin?"

"Wanda ya riga ka zuwa. Rufe, wuta ke tafiya."

Ba tafi, ba shewa, amma ga dariya, ga faɗuwar gaba, ga kuma mutum mai saurin tunani da ke lissafin kuɗin lantarki a kan gawa. Wannan Tanimun za ka bi shi har ƙarshen littafi.

Sun kuma raba mata abu biyu da ta cakuɗa, kuma mutane da yawa na cakuɗa su. Daudu a ƙasar Hausa yanayi ne na magana da motsi da sana'a, wanda aka daɗe da sani a tasha da bakin kasuwa, wajen suyar kaji da ƙwai da dankali, da wajen biki. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya. Haka nan akwai masu harkar da ba za ka taɓa ganin wata alama a jikinsu ba, ga gemu ga babbar riga. Marubuciyar ta ɗauka dole sai Tanimu ya yi daudu kafin mai karatu ya gane, sai ta lafta masa komai. Shawararsu ita ce ta zaɓa: idan ɗan daudu ne, ta ba shi tarihin sana'ar, wa ya koya masa girki, a wace tasha, yaya aka yi ya zo Umara ya ƙi komawa, kuma yaushe yake ajiye wannan salon, domin mutumin da ke gaban jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice, ba ya magana kamar yadda yake yi a gindin murhu. Shi kuwa Habu a bar shi yadda yake, direba mai ƙarancin magana da ciwon baya. Abin da ke tsakaninsu ma ba sai an yi shela ba. A rubutun da aka gyara, wuri ɗaya ya wadatar: ana tsakiyar rikici, Tanimu ya ware malmala biyu ya rufe da faranti, ya rage yaji a miyar, saboda gyambon cikin Habu. Ba wanda ya ce komai a kai. Mai karatu ya gane shekara nawa ke cikin wannan farantin.

Ƙarshen littafin ne suka fi daɗewa a kansa, shafi uku na wasiƙarsu. Marubuciyar ta rufe da cewa ashe Tanimu ne ya zuba wa dillalin guba domin ya yi barazanar tona masa asiri, sannan ciwo ya kwantar da shi, ya yi nadama, ya mutu a shafin ƙarshe. Suka ce mata tun babi na biyu mai karatu ya hango wannan, domin hanyar ta sha tafiya. A finafinan Amurka, lokacin da dokar tace fim ta Hays ke aiki sosai, daga 1934 har farkon shekarun 1960, ba a yarda a ambaci irin wannan mutum a fili ba, sai aka saba nuna shi da ishara a matsayin mugu ko wanda zai halaka. An daɗe a haka kafin a sami irin Joseph Hansen, wanda a 1970 ya fito da Dave Brandstetter, mai binciken kamfanin inshora a Kalifoniya, namiji mai son maza, ya yi littafi 12 da shi, kuma aikin binciken ne ke jan labarin. Hujjar masu gyaran ba ta wuce ta sana'a ba: a labarin fargaba, wanda kowa ya fara zarga ba shi ya kamata ya zama mai laifi ba. Suka nuna mata cewa ita da kanta ta dasa mutum huɗu da dillalin ya cuta, ta manta da su a hanya, har da matar da ta ba shi kuɗin adashenta na shekara biyu.

Wani abin da suka hango, wanda marubuciyar ba ta lura tana da shi ba, shi ne zancen sutura. Duk gidan so suke a yar da gawar a bayan gari a huta. Tanimu ne kaɗai ya kafe cewa Musulmi ne, komai cutar da ya yi, sai an yi masa wanka da likkafani da salla. A rubutun farko layi biyu ne. Suka ce a nan littafin yake. A ƙasar da ba a binne mutum sai da takardar hukuma, ga mutumin da unguwa ke yi wa kallon ba shi da rabo, shi ne ke yawo yana tambayar kuɗin farin yadi da sunan zai yi labule. Kowane mataki na neman yi wa mamacin sutura yana ƙara jefa su a haɗari, kuma kowanne abin dariya ne mai ɗaci. Wannan shawara ita ce mafi tsada a cikin duk abin da suka bayar.

To amma aikin nasu yana da gurgunta, kuma ba ƙarama ba.

Ƙa'idar rubutun Hausa ba fagensu ba ne. Biyu daga cikinsu da Larabci suka yi makaranta, Hausar tasu ta baka ce, mai daɗi, amma a rubuce suna haɗe abin da ake rabawa. Za ka ga "yace" da "zata" da "akan" a inda ake nufin "a kan", a cikin sharhinsu su kansu. Ba sa kula da haruffa masu ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", alhali allon rubutu na Gboard yana da Hausa, daƙiƙa kaɗan ake ɗauka a saka shi. A wurare da dama sun "gyara" abin da yake daidai. Saboda haka kada ka danna karɓar dukkan gyare-gyare a lokaci ɗaya. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka ware kuɗin wani mai duba ƙa'ida daban bayan sun gama.

Larabcin cikin zance ma suna sakin hannu da shi. Gaskiya ne Bahaushen Jidda yana cewa "halas" da "yalla" da "haris" da "kafil" ba tare da ya ji ya bar Hausa ba, kuma sun yi daidai da suka hana a riƙa fassara kowace kalma a baka biyu. Sai dai sun ƙara da yawa a bakin Habu, har wani shafin sai wanda ya zauna unguwar Bab Makka ta Jidda zai bi shi. Mafi yawan masu sayen littafin Hausa suna Najeriya da Nijar. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne a bar kalmar da jimlar da ke kusa da ita ke bayyana ma'anarta: idan aka ce "motar tarhil ta kwashe su, sai Shumaisi", mai karatu ya gane ba biki aka kai su ba.

Sannan akwai tsoro, wanda ba a ga laifinsu ba amma dole marubuci ya san da shi. A wurare uku sun ba da shawarar a cire magana tsakanin Tanimu da Habu wadda ba ta da komai na batsa, hira ce ta mutum biyu da suka tsufa tare suna faɗa a kan kuɗin haya. Da aka cire, Habu ya koma kamar maƙwabci, sai dalilin da zai sa ya ɗauki gawa a motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a Saudiyya, ya ɓace. Wato da hannu ɗaya sun gina mutum, da ɗayan suna rage shi. Dalilin a fili yake. Dokar Saudiyya ta laifukan intanet ta 2007, a sashe na 6, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya shirya ko ya aika abin da ya taɓa tsarin jama'a ko darajar addini ko tarbiyya, kuma kalmomin suna da faɗi. A 2022 an hana nuna finafinan Amurka fiye da ɗaya a sinimomin ƙasar saboda ɗan gajeren fage irin wannan. A gida ma, Kano na da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a 2007, ga kuma dokar tarayya mai haramta auren jinsi ɗaya da aka sa wa hannu a Janairun 2014. Masu gyaran ba lauyoyi ba ne, ba malaman fatawa ba ne, sun kuma faɗi haka a layin farko na wasiƙarsu. Amma ba sa bambance maka wace shawara ce ta gyaran labari, wace ce ta kare kai. Ka tambaye su kai tsaye a kan kowane wurin da suka ce a cire: don labarin ne, ko don hukuma? Suna ba da amsa ta gaskiya idan an tambaya.

Lokaci kuma sai haƙuri. Sun ce mako uku, aiki ya ɗauki biyar. Dukansu suna da wata sana'ar, kuma daga shigowar azumi har a gama aikin Hajji kusan ba sa taɓa rubutu, don lokacin ne kasuwar kowa ke ci a wannan yanki. Wanda ke son littafinsa ya fita da salla ya tura tun Rajab. Bayanin da suke yi da saƙon murya yana da amfani, musamman inda suke kwaikwayon yadda zance zai fito daga bakin mutum, amma wasu saƙonnin na kai minti tara, kuma ba a iya neman kalma a cikin murya. Ka roƙi a rubuta maka muhimman wuraren.

Marubucin da labarinsa ke faruwa a Jidda ko Makka ko Madina, mai ɗauke da lissafin awoyi da mutane da yawa, zai ci ribar kuɗinsa. Haka wanda ke da jarumin da al'umma ta saba yi wa kallo ɗaya, ko ɗan daudu ne, ko bazawara, ko almajiri, ko 'yar aikin gida, domin gwajin nan nasu na cire alamomi yana aiki a kan kowa. Wanda kuwa abin da yake nema shi ne a daidaita masa rubutu a kai maɗaba'a, ya nemi wani. Kafin ka tura, ka cire sunanka da lambarka daga cikin fayil ɗin, har da wanda Word ke ajiyewa da kansa a bayanan marubuci, ka kuma ajiye kwafin asali a wani wuri da kwanan wata a jikin sunansa, domin suna yin gyara a kan fayil ɗin da ka tura kai tsaye.